Ɗaliban Aro

A kwalejin fasaha kowa Malama Waya yake ce mata, har shugaban kwalejin idan ya manta kansa. Shekara goma sha ɗaya ta yi tana koyar da aikin wutar lantarki, kuma ba a raba aljihun rigar aikinta da guntun waya da filaya.

Ita ta rubuta takardar neman tallafin. Sau biyu wata ƙungiya ta ƙasashen waje tana dawo mata da ita, a karo na uku aka amince. Abin da ta nema shi ne a buɗe aji ga manya waɗanda ba su da takardar gama sakandare, maza da mata, a koya musu haɗa wutar sola na wata tara kyauta, a ba su shaidar da za su nuna a ko'ina. Ƙungiyar ta aiko da farantan sola, da batura, da inbata, da akwatunan kayan aiki, da shuɗɗan rigunan aiki guda arba'in. Ta kuma yi alkawarin gina wa kwalejin sabon ɗakin aiki in abin ya tafi daidai. Sharaɗinta ɗaya ne: wakiliyarta za ta zo duba ajin bayan wata biyu, in ta tarar ɗaliban da suka rage ba su kai ashirin da bakwai ba, za a kwashe kayan a kai wata kwaleji.

Ranar da aka buɗe ajin mutum arba'in cif suka zauna, wasu ma a ƙofa aka ba su haƙuri. A mako na shida saura tara.

Shugaban kwalejin ya aika aka kira ta ofishinsa.

"Zauna, Malama. Alhamis ta sama matar nan za ta zo."

"Na ga saƙon, ranka ya daɗe."

"Mutum nawa gare ki yanzu?"

"Tara. Ran da aka yi sa'a, sha ɗaya."

Ya cire tabarau ya murza idanunsa. Ba mugun mutum ba ne. Shekara shida yana fama da kwalejin da rufinta ke yoyo, injinanta sun girmi malamanta, kuma wannan ne karo na farko da wani daga waje ya waiwaye su.

"Ga 'yan difloma can sun fi ɗari," ya ce. "Ki ɗebi talatin, ki sa musu rigunan nan, su zauna awa biyu. Wa aka cuta?"

"Ranka ya daɗe, yaran nan duk suna da takardar sakandare. Ba don su aka kawo kayan ba."

"Na sani. Aro na ce, ban ce kyauta ba."

"To in ta tafi fa? Washegari in koma wa mutum tarana?"

"Washegari kayan suna nan. Ita ce maganar."

Ta jujjuya guntun waya a hannu. Daga baya ta ce a bar ta ta ga abin da za ta iya yi kafin ranar. Ya ce ta yi, amma ta sani kwana tara ne, ba shekara tara ba.

Da ta koma gida ta tarar da mahaifiyarta a baranda tana ɗinke aljihun wata tsohuwar riga. Tun rasuwar mahaifin Malama suke zaune tare. Ta zube a kujera ta kwashe labarin ta faɗa mata.

"Kin je kin tambaye su?" Umma ta ce, ba ta ko ɗago kai ba.

"Su wa?"

"Waɗanda suka gudu mana."

"Na kira su, Umma. Kowa ya ce yana nan zuwa."

"A waya ai kowa yana nan zuwa. Ke dai kin zauna kina kallon kujeru. Ki je ki ga idonsu."

Washegari da aka tashi daga aji ta ɗauki rajista, ta sayi sabon littafin rubutu, ta je wajen tsohon da ke riƙe da makullan siton kwalejin. Baba Sito ya san kowane lungu na garin, don kafin ya samu wannan aikin ya daɗe yana raba wasiƙu. Ya yarda zai raka ta, da sharaɗin ba shi zai riƙa tura motarta ba in ta mutu. Kafin su fita daga ƙofar kwalejin sai da ya tura ta.

Gidan farko da suka shiga ɗaki ɗaya ne a bayan wani dogon gidan haya. Matar da ake kira Maman Biyu tana durƙushe gaban baho, ga tulin kayan wankin mutane a gefe, ga tagwayenta 'yan wata goma sha huɗu suna rarrafe cikin ruwan sabulu. A duk ajin babu wanda ya kai ta saurin fahimta. Da ta ga Malama ta miƙe a kunyace tana goge hannu a zani.

"Ba gudu na yi ba, Malama. Maƙwabciyata da ke riƙe mini su ta samu aiki. Na ɗauko su na zo har ƙofar kwaleji, mai gadi ya ce nan ba gidan raino ba ne. Sau biyu ina zuwa."

"Me ya hana ki faɗa mini a waya?"

"In ce miki me? Kin ba ni karatu kyauta, in kuma ce ki goya mini 'ya'ya?"

Malama ta rubuta a littafinta. Haka suka yi ta yi kullum da yamma, unguwa bayan unguwa. Wani mai gadin kanti sai shida na safe yake tashi daga aiki, ajin kuma takwas, ya yi ta gyangyaɗi har ya ji kunya ya daina zuwa. Mata huɗu suna sayar da kaya a kasuwa, kuma safiya ce lokacin ciniki. Mutum shida mai gadin kwalejin ne ya mayar da su saboda ba su da katin shaida, katin da har ranar ofishin rajista bai buga musu ba. Da ta ji wannan sai da ta ajiye biro ta dafe kai.

A rana ta biyar suka isa rumfar wani kafinta, mutum mai kusan shekara hamsin, da fensir a bayan kunne. Ya ba su benci, ya ci gaba da goge katakon da ke gabansa.

"Kafinta, lafiya muka daina ganinka?"

"Lafiya lau. Aiki ne ya yi yawa."

Baba Sito ya dubi rumfar. In ban da ƙofa ɗaya da ke jingine babu wani aiki a ciki. "Kai dai faɗa mata gaskiya," ya ce. "Ta ƙona mai har nan, ni kuma na tura mota har nan."

Kafinta ya ajiye abin gugar. "To, tunda kin zo. Malama, shekara talatin ina wannan sana'a, ƙofar da na yi ba ta taɓa ƙin rufuwa ba. Na zo in ƙara aikin hannu a kan aikin hannu. Kika tsaya gaban allo mako uku kina zuba Turanci, ko waya ba mu taɓa ba. Sannan kika yi jarrabawa, kika manna sakamako a bango. Ɗan ƙanwata yana karatu a kwalejin nan. Shi ya koma gida yana faɗa wa uwarsa wai Kawu ya ci biyu cikin ɗari."

Malama ta rufe littafinta. Ita ta manna takardar da hannunta, kamar yadda ta saba yi wa 'yan difloma, ba ta taɓa tunanin komai a kai ba.

"Laifina ne," ta ce.

"Ni ban ce laifinki ba ne."

"Ni na ce. Za ka dawo?"

"A'a," ya ce, ya ɗauki abin gugarsa.

A mota ta rubuta maganarsa kamar yadda ya faɗe ta, ba ta rage ko kalma ba. Cikin mutum talatin da ɗaya da suka bar ajin ta samu ganin ashirin da huɗu. Uku kawai suka yarda za su zo ranar Alhamis, cikinsu har da Maman Biyu, bayan Malama ta yi mata alkawarin ita da kanta za ta tsaya a ƙofa ta shigo da ita da tagwayenta.

Ranar Alhamis ta cika alkawari. Ta tsaya a ƙofa, ta karɓi ɗaya daga cikin yaran ta saɓa a kafaɗa, ta wuce mai gadi yana ta bambami. Tun kafin su ƙarasa ajin ta ji hayaniya. Ɗakin cike yake maƙil. 'Yan difloma ne sanye da shuɗɗan riguna, suna dariya suna ɗaukar juna hoto. Ɗalibanta na gaskiya sun takure a benci biyu na baya kamar baƙi.

Baba Sito yana tsaye a bakin ƙofa da makullai a hannu. "Umarni ne daga sama, Malama. Ni makulli kawai nake riƙewa."

Ta miƙa wa Maman Biyu yaron, ta je gaban allo. Ta buɗe rajista.

"Ku saurara. Duk wanda sunansa ba ya cikin rajistar nan, ya cire rigar, ya ninke ta, ya ajiye a kan teburi, ya koma ajinsu. Ba laifinku ba ne. In an tambaye ku, ku ce ni na kore ku."

"Malama, an ce za a ba mu lemo," wani ya faɗa daga tsakiya.

"Ka je ka karɓa wajen wanda ya yi maka alkawari."

Suka fita suna gunaguni. Ta sa mutanenta suka dawo gaba. Goma sha biyu ne, ban da tagwaye.

Ƙarfe tara shugaba ya shigo da baƙuwar, yana tafe yana yi mata bayani cikin fara'a. Da ya ɗaga ido ya ga ɗakin sai ya tsaya cak. Wakiliyar ƙungiyar dattijuwa ce siririya mai furfura, da jaka a kafaɗa, ba ta da yawan murmushi. Ta dubi kujerun, ta dubi tulin rigunan da ke kan teburi, ta juya wajen Malama.

"Ina sauran?"

"Babu sauran. Waɗannan su ne."

"Arba'in aka rubuta mana."

"Arba'in ne da farko. Ga inda sauran suke." Ta miƙa mata littafin.

Matar ta zauna a bencin ɗalibai ta fara karantawa. Ta daɗe tana karatu. Ɗaya daga cikin tagwayen ya rarrafo ya kwance mata igiyar takalmi, ba ta ko motsa ba. Shugaba yana tsaye a jikin taga yana kallon waje.

"A nan an ce wata malama ta manna sakamako a bango," ta ce. "Wace malama ce?"

"Ni ce."

Ta dubi Malama ta saman tabarau. "Me kike so?"

"Wata uku."

"Ba ni da ikon ba ki. Aikina in rubuta abin da na gani, kuma goma sha biyu zan rubuta."

"Ki rubuta. Amma ki haɗa da littafin."

Matar ta ɗauki hoton shafukan ɗaya bayan ɗaya, ta ɗaure takalminta, ta tafi ba tare da ta yi alkawarin komai ba.

Ko awa ba a yi ba aka kira Malama ofis. Shugaba bai ce ta zauna ba.

"Kin tozarta ni a gaban baƙuwa. Kin san shekara nawa nake jiran ɗakin aikin nan? Injin walda ɗaya yara sittin suke bin layi a kai. Ke kin wanke hannunki kin zama mai gaskiya, su kuma fa?"

"Ban da amsar wannan, ranka ya daɗe."

"Ai ba ki da ita." Ya tura mata takardu biyu. Ɗaya ta tuhuma ce, ɗayar kuma ta sauke ta daga shugabancin sashen lantarki.

Ta karanta, ta ninke, ta sa a aljihu. "Na karɓa. Ina roƙon abu uku. A bar ni in mayar da ajin yamma da ranar Asabar. A ba mai gadi sunayen ɗalibaina. A kuma ba ni rabin sito."

"Ki yi abin da kika ga dama, tunda ajin ya zama na gidanku."

"Ranka ya daɗe, ko za a rubuta mini haka?"

Ya dube ta kamar zai jefe ta da abin da ke hannunsa. Sai ya fizgi takarda ya rubuta layi biyu, ya sa hannu, ya nuna mata ƙofa.

Ba ta jira amsar ƙungiyar ba. Ranar Asabar ita da Baba Sito suka kwashe karyayyun kujeru da matattun fankoki daga rabin siton, suka share, suka wanke, suka shimfiɗa tabarmi. Ƙofar siton tana kallon ajin, uwa tana iya hango ɗanta daga bencinta. Saura mai kula da yaran. Da ta kawo maganar a gida Umma ta riƙe haɓa.

"Na raine ki, na huta, yanzu kuma in raini 'ya'yan ɗalibanki? To ni ma a rubuta sunana a cikin tallafin."

"Umma, kwana uku ne kawai a mako. Matan za su riƙa karɓar ki bi da bi."

"Ni na jawo wa kaina da na ce ki je ki ga idonsu." Amma ranar Litinin ta riga Malama shiryawa.

Abin da ya rage shi ne shinge, don yaran suna rarrafowa har cikin batura. Malama ta koma rumfar Kafinta.

"Ba karatu na zo kiranka ba. Aiki na kawo maka. Shingen katako nake so a ƙofar sito, wanda yaro ba zai tsallake ba."

Ya zo da awonsa da zartonsa da yamma, daidai lokacin aji. Yana aiki yana jin abin da ake yi. Allo a goge yake. An shimfiɗa farantin sola a rana a bakin ƙofa, kowa da mitar auna wuta a hannu, Malama tana bayani da harshen da kowa ke ji. Duk wanda ya auna ya faɗi abin da ya gani, sannan ta faɗi sunan abin da Turanci, su maimaita. Ta sa mutum biyu su kafa ƙafafun da faranti zai zauna a kai. Suka kafa a karkace. Kafinta ya kalla, ya kau da kai, ya sake kallo.

"Kai, malam, ba haka ake yi ba," ya ce daga ƙarshe. "Iska ɗaya za ta kwashe wannan. Matsa."

Ya gyara ƙafafun. Da ya gama Malama ta miƙa masa mita. Ya jujjuya ta, ya tambayi inda ake sa jan bakin da inda ake sa baƙin. Shingen da zai ɗauke shi yini ɗaya sai da ya yi mako yana yinsa. Ranar da ya buga ƙusar ƙarshe ya ɗauki shuɗiyar riga daga kan teburi ya saka.

"Ba a manna komai a bango," ya ce.

"Ba a mannawa."

Bayan mako uku wasiƙar ƙungiyar ta iso. An ba su kwana casa'in. An dakatar da maganar sabon ɗakin aiki har sai an ga abin da ya faru.

Ajin yamma ya zo da tasa matsalar. Ƙarfe huɗu ake kashe janaretan kwalejin, ɗakin kuma ba ya samun iska, kafin biyar kowa ya jiƙe da gumi. Malama ta ce to ga aikin gwaji ya samu. Cikin Asabar biyu ɗaliban suka hau rufin ajin, suka kafa faranti huɗu, suka ja waya, suka haɗa batura da inbata. Maman Biyu ce ta haɗa akwatin fis, ita aka ba makunni ta danna. Fanka ta juya, fitilu suka kama. Daga cikin sito Umma ta ɗaga murya ta ce su ma mutane ne, a ja musu tasu wayar. A duk kwalejin, ajin nan da siton ne kawai ke da wuta bayan ƙarfe huɗu, har malamai suka fara zuwa cajin waya suna yi kamar gaisuwa ta kawo su.

Mutane suka riƙa dawowa ɗaya-ɗaya. Mai gadin kanti ya dawo, 'yan kasuwa uku cikin huɗu suka dawo, masu katin shaida duk suka dawo. Wasu kuma ko da ta je sau uku ba su dawo ba. Wata mijinta ya samu canjin wurin aiki sun bar garin. Wani ya ce ya riga ya cire rai. Kowane Litinin Malama tana zuwa ofishin shugaba ta ajiye masa takardar waɗanda suka halarta, ko ya karanta ko bai karanta ba. Bai taɓa ce mata komai a kai ba.

Da safiyar rana ta casa'in shugaba ya zo ajin da kansa. Tun ranar Alhamis ɗin nan bai taka ƙofar ba. Ya dubi fankar, ya dubi shingen, ya ɗauki rajista.

"Ashirin da biyar," ya ce.

"Ashirin da biyar, ranka ya daɗe."

"Saura biyu." Ya ajiye rajistar. "Kwantar da hankalinki, ba zan ce a yi aro ba."

Baba Sito ya matso. "Malama, ni fa? Ban da takardar sakandare, kuma wata uku ina zaune a bakin ƙofar nan ina ji. Jiya ni na gyara soket ɗin gidana, har yanzu ba mu ƙone ba. Sa ni."

"Baba, ba ka cikin rajista. Amma zan tambaye ta a gabanka."

Da wakiliyar ta zo da yamma, ta tsaya ta ga aikin da ake yi. Ta sa Kafinta ya auna mata batir ya faɗi abin da ya gani. Ta leƙa sito, Umma ta miƙa mata jariri ta ce ta riƙe mata tukuna. Malama ta yi mata maganar Baba Sito. Matar ta ce za a iya ɗaukarsa ɗalibi daga yau, amma ba za ta ƙirga shi ba. Ashirin da biyar ta rubuta.

Amsa ta zo bayan wata guda. Ƙungiyar ta ce la'akari da abin da aka yi, kayan da ke ajin sun zama na kwalejin, ba za a kwashe su ba. Amma tunda ba a cika sharaɗi ba, sabon ɗakin aikin ya tafi wata kwaleji. Za su iya sake nema baɗi.

Malama ta karanta wasiƙar a tsaye a ofishin shugaba. Ta tuna yara sittin da injin walda ɗaya.

"Ka yi haƙuri, ranka ya daɗe."

"Haƙuri ba ya gina ɗaki," ya ce. Bai mayar mata da shugabancin sashen ba, ita ma ba ta tambaya ba.

Mutum ashirin da uku suka ci jarrabawar ƙarshe, wadda aka yi a kan rufi da kuma a kan takarda. Kowa a ambulan aka ba shi sakamakonsa. Kafin a raba shaidar ma wani mai ɗakin shan magani ya ɗauki Maman Biyu da Kafinta su haɗa masa wutar firjin allurai, shi yana kafa ƙafafu, ita tana jan waya.

Tun a makon ne mutane suka fara taruwa a ƙofar ajin. Ƙanwar wannan, maƙwabcin wancan, wani mai gyaran keke, wata mai sharar asibiti, kowa yana tambayar yaushe za a ɗauki sababbi. Malama ba ta da abin da za ta ce musu. Tallafi ya ƙare, babu wanda zai biya malami awannin yamma, babu kuma izinin buɗe ɗakin. Ta ce su jira ta a inuwa, ta nufi ofis.

Shugaba yana cike wasu takardu. Ta ajiye masa daftarin sabuwar takardar neman tallafi, ta buɗe masa shafi na biyu. Ɗakin walda ta sa a farko, ajin sola a bayansa. Ya karanta a hankali, ya ɗauki jan biro ya gyara adadin injinan.

"Huɗu ba za su isa ba. Sa shida." Ya ɗaga kai. "Su waye waɗancan da suka cika mini ƙofa?"

"Masu neman shiga ne, ranka ya daɗe. Sun kai talatin."

"Da wane tallafin?"

"Babu. Kayan dai suna nan, ni ma ina nan. Maman Biyu ta ce za ta riƙa zuwa tana kama mini."

Ya ajiye jan biron. "Ban da abin da zan ba ki na yamma," ya ce. "Amma ranar Asabar ɗakin a rufe yake kwana, ba ya amfanar kowa."

"A rubuta mini, ranka ya daɗe."

Ya yi tsaki, ya jawo takarda. Tana fitowa ta biya ta sito ta ce wa Baba Sito ya kawo teburi da kujera ɗaya ƙarƙashin bishiya. Ta zauna, ta buɗe sabuwar rajista, ta ce wa mai sharar asibitin da ke gaban layi ta matso.

"Sunanki, da aikin da kike yi, da ƙarfe nawa kike tashi. 'Ya'ya nawa za ki zo da su?"